Tarin da ke Cikin Faifai

Bayan magariba ne, ana yayyafi. Ina zaurenmu a Soron Ɗinki, na ɗora wa garmaho faifan marigayi kakana, na wasan da ya fito a sarkin zamanin da. Muryarsa ke nan da ta rage mana.

Wani dattijo ya shigo ba sallama, rigarsa a bushe. Ya ɗora farce kan faifan.

"Yaro, shi ake wa tafi? Ni ne sarkin, ni na ci garuruwan da yake faɗa. Har tarina ya sace."

Ya yi tari. Na faifan ya biyo baya, iri ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kar ka karce."

Ya janye hannu. Na juya masa takalmansa, ya zura ya fice, bai dube ni ba.