Fanel Ɗin Firijin Allura

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Maccido rahoto: an tsinci gawar Injiniya Istifanus a shagonsa na gyaran kayan lantarki da ke unguwar Gidan Dare, da rauni a ƙeya.

Sufeto ya duba shagon. Rediyo na nan, akwatin kayan aiki na nan. Na'ura ɗaya ce a buɗe kan tebur, an cire allon da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira fanel, an jera kusoshin a gefe. Ɓarawo ba ya jera kusa. Wanda ya yi wannan ɗan sana'a ne.

Kande, matar mamacin, ta ce na'urar ita ke kula da sanyin firijin allurai a wani ƙaramin asibiti. Na'urar ta tsaya cak ba wanda ya sani, allurai suka lalace, yara biyu da aka yi wa allurar na kwance. Gwamnatin soja ta kafa kwamiti, kuma gobe za a zauna. Shi ya sa aka kawo wa mijinta na'urar ya bincika.

Hankalin Sufeto ya tashi. Ya san irin kwamitin nan: in ba a sami mai laifi ba, ma'aikatan jinya za a kwashe.

Ya tambaye ta ko mijinta ya gano dalili. Ta ce ya gano, har ya zana mata a ƙasa. Akwai abin da ke daidaita wutar da ƙwaƙwalwar na'urar ke sha, regileta. Kamata ya yi ya zauna dab da ita, layin jan ƙarfen da ya haɗa su ya zama gajere mai kauri, kondensa mai ajiye wuta na kusa. Sai aka kai shi can ƙarshen fanel, da siririn layi. Da zafi ya yi yawa, wuta ta yi rawa, na'ura ta manta aikinta.

"Wa ya zana fanel ɗin?"

"Abokin aikinsa, Junaidu."

Sufeto ya iske Junaidu a gidansa na Ƙofar Kware. Ya rantse tun shekaranjiya yana Kwalkwalawa wurin aikin shinkafa, yanzu ya dawo. Yana magana yana tura hannu cikin aljihu.

"Fito da hannunka."

Yatsun sun rine ruwan ɗorawa, sabon rini, na sinadarin da ake cin jan ƙarfe da shi in ana yin fanel.

Sajan Dodo ya shiga ɗakin baya. Ya fito da tasa, sabon fanel na jiƙe a ciki. Tsohon fanel ɗin kuma a ƙarƙashin katifa ya zaro shi.

Sufeto ya ajiye su gefe da gefe. A sabon, mazaunin regileta na manne da na ƙwaƙwalwa, layin ya yi kauri.

"Kai da ba ka gari, wa ya gaya maka gyaran da za a yi?"

Junaidu ya zauna a ƙasa.

"Istifanus yag gaya min, Yallaɓai. Na roƙe shi mu musanya kafin kwamiti shi gani, yac ce ba shi rufe abin da yat taɓa ɗiyan mutane. Munka yi kokawa kan fanel ɗin, nit tura shi, yab bugi tebur."

Dodo ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa Junaidu ya waigo, ya tambaya ko yaran sun tashi.

"Ɗaya ya tashi," in ji Sufeto. "Mu je."