Shekarar da Ba a Binne Ɓaure Ba

Da safiyar Litinin Assunta Ventura ta shigo caji ofis na unguwar Red Hook da ke Brooklyn, a Amurka. Ko kallon ɗan sandan da ke kan kanta ba ta yi ba, ta zarce gaban teburin Sufeto Marra.

"Yallaɓai, mijina Pasquale bai dawo gida ba tun Asabar."

Marra ya ajiye alƙalaminsa. Ya san Pasquale sarai, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma shi kaɗai ne a duk Brooklyn ya yarda ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a kan Don Ilario Tassone.

Wa bai san Don Ilario ba a unguwarmu ta 'yan Italiya? Yana saurayi ya sauka daga jirgin Italiya, ba ko takalmin kirki, sai wani reshen ɓaure da ya yanko a gidan uwarsa ya ƙunshe cikin riga. Ya fara da dakon ƙanƙara, ya koma rabon aiki a tasha, har ta kai ba mai sauke buhu ko buɗe shago sai da yardarsa. Wanda ya ƙi, ai teku na kusa. Mu kuwa darasi ɗaya ya koya mana, ka gani ka ƙi gani, ka ji ka ƙi ji. Mun haddace, kuma ina jin kunyar faɗa.

"Me ya sa a jikinsa da zai fita?" in ji Marra.

"Kwat ɗinsa ta zuwa coci."

"Ran Asabar? Akwai jana'iza ne?"

"Babu."

Suka kalli juna. Ɗan dako ba ya sa wannan kwat sai don Allah, ko don mamaci, ko don ganin Don.

"Gawarsa nake so, Yallaɓai," ta ce, ba ko hawaye. "In binne shi kamar ɗan Adam."

Marra ya ɗauki Saje Doyle, wani ƙaton Ba'airishe da bai san komai a kanmu ba sai taliyarmu, suka nufi shagon gahawa inda Rocco yake yini. Rocco ɗan ƙanen Don ne, ɗan gayu, wanda tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga abin da ya fi katin karta nauyi ba.

"A'a, Sufeto da kansa! A kawo masa gahawa, mai ɗaci irin albashinsa."

"Ina Pasquale?"

"Wannan matsoracin? An ce ya bi jirgi ya koma Napoli can Italiya. Kai ma da Assunta kake aure da tuni ka gudu."

Abokansa suka kwashe da dariya. Marra ya miƙa masa hannu kamar zai yi sallama, ya matse. Rocco ya yi ƙara ya fizge. Tafinsa duk bororo ne.

"Me ya sami hannun ɗan gata?"

"Tukunya ce ta ƙona ni."

"Tukunyar tana da ƙota irin ta shebur ke nan."

Ba wanda ya sake dariya.

Don Ilario ya karɓe su a lambun bayan gidansa, yana zaune da bargo a gwiwa, kai ka ce wani kakan kirki ne.

"Ɗan Marra mai aski! Ubanka ya aske ni shekara da shekaru bai taɓa yanka ta ba. Kai ne ka zo da reza?"

"Pasquale ya zo nan ran Asabar, Don Ilario?"

"Na rantse da kabarin uwata, rabona da shi tun bikin Ista."

Marra ba fuskarsa yake kallo ba. A ƙuryar lambun ga ɓauren nan tsaye, an naɗe shi da tsohuwar darduma, an ɗaure da igiya, an kife masa bokiti a ka. Ƙasar lambun kuwa an kafce ta gaba ɗaya, bango zuwa bango.

"Bana ba ka binne shi ba?"

Tsohon ya dafa bayansa. "Ciwon baya, yaro. Tsufa ba ya sallama."

A mota Doyle ya ce, "Oga, mutum ya ɓace kana zancen itace?"

"Saurara, Saje. Ɓaure ɗan ƙasar zafi ne, sanyin nan kashe shi yake. Malalata su naɗe shi a tsaye. Masu sonsa su haƙa dogon rami, su kwantar da shi ciki, su rufe da ƙasa sai bazara. Tun ina yaro Don yake binne nasa, yana yi wa ubana ba'a wai ya sa wa itace hula. Yau ga nasa da hula."

"To ai ya ce bayansa ke ciwo."

"Mutumin da ke da majiya ƙarfi ɗari a tasha? Kuma wa ya kafce lambun?"

Tagar Inna Concetta tana kallon lambun Don. Tsohuwa ce da ba abin da ke wuce ta a layin, kuma ba abin da ke fita daga bakinta gaban hukuma.

"Ban ga kowa ba, ban ji komai ba, idona ma ya mutu," ta ce tun kafin su zauna.

"Ba wannan ya kawo ni ba, Inna. Gardama muke da abokina. Na ce masa Don ya tsufa, bana ko ramin ɓaure ya kasa haƙawa."

"Ya kasa? Kai dai ba ka da labari! Ran Juma'a da kansa ya haƙa, yana waƙa. Na ce gobe zai kwantar. Lahadi in leƙa, sai in ga rami ya shafe, ɓaure na tsaye da bokiti kamar na wani malalaci. Abin kunya!"

Sai ta dafe bakinta. Ta daɗe tana kallon Marra, sannan ta sauke hannun a hankali.

"Rubuta, ɗan nan. Na gaji. Rubuta har da sunana."

Kafin azahar washegari alƙali ya sa hannu a warantin bincike. 'Yan sanda suka cika lambun da shebur, mutanen layin suka cika tagogi. Don yana kan kujerarsa, Rocco na bayansa yana zufa cikin sanyi.

"Ku tona," in ji Don. "Ku hutar da ni kaftun bazara."

"Ta ina za mu fara, Oga?" in ji Doyle.

Marra ya san ramin na nan wani wuri, amma ba gawa kaɗai yake so ba, bakin tsohon yake so.

"Ta gindin itacen. Kawo gatari, a sare shi, a tumɓuke saiwar."

Doyle ya yaye dardumar, ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga gatari.

"Tsaya!"

Don Ilario ya miƙe zumbur, ciwon baya ya warke.

"Kada ka taɓa shi, arne! Ba nan yake ba. Yana can jikin bango, ta hagu!"

Rocco ya sulale ƙasa ya rufe fuska.

Ba su yi nisa da tono ba kwat ɗin coci ta bayyana. Doyle ya cire hularsa.

"Me ya faru ran Asabar?" in ji Marra.

Tsohon bai ƙara wahalar da kowa ba. "Na kira shi in yi masa nasiha. Na miƙa masa hannu don ya sumbata, ya ƙi. A gidana! Ya ce zamanina ya wuce. Shebur na hannuna. Rocco ya taya ni rufewa."

"Da ka kwantar da ɓauren a kansa ka rufe kamar kowace shekara, da har abada ba mai sani," in ji Marra.

Don ya dube shi kamar ya zage shi.

"Itacen uwata? A kan gawar maci amana? Kai wane irin ɗan Italiya ne?"

"Irin wanda ke sa ankwa," in ji Marra, ya ɗaure shi.

Da aka fito da su, layin ya cika maƙil. Assunta na tsaye a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya, ba ta matsa ba, dole Don ya raɓa ta gefenta. Ni dai ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban ɓoye ba.

A bakin motar 'yan sanda tsohon ya tsaya, ya dubi sama. Gari ya haɗe, ƙanƙara na hanya. Ya juyo ga jama'a da muryar nan da a da take sa maza rawar jiki.

"Sun bar shi tsirara. Wa zai rufe mini ɓaurena?"

Ya dubi mai burodi, ya dubi 'yan dako, ya ɗaga kai tagar Inna Concetta. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. Shi ya koya mana.

Marra ya dafa kansa ya tura shi cikin mota, ya rufe ƙofa.