Burbushi a Cikin Baƙin Mai

A wani gari an yi wani tsohon makanike mai kula da ɗan jirgin saman da ke feshin tsuntsayen jan-baki. Duk sa'ad da jirgin ya cika awa hamsin yana tashi, sai tsohon ya tsiyaye baƙin man injin, ya murza tsakanin yatsunsa, kafin ya sa hannu a takardar izinin tashi.

Wata shekara gero ya yi kyau, jan-baki suka taso kamar hadari. Tsoho ya murza mai, ya ji tsaki-tsaki. Ya ɗaga yatsunsa a rana, sai ga burbushin ƙarfe yana ƙyalli. Injin ya fara cin kansa, kayan gyara kuwa ba za su iso ba sai bayan wata guda.

Matuƙin jirgin ya ce, "Baba, tashi ɗaya kawai."

Tsoho ya ce, "Ba zai tashi ba."

Sarkin noma ya zo ya ce, "Malam, har da gonarka fa."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ba zai tashi ba."

Matarsa ta ce, "Maigida, burbushin za mu tuƙa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba zai tashi ba."

Cikin kwana tara tsuntsaye suka cinye geron tas. Rumbuna suka zauna wayam, mutane suka daina gaishe shi.

Ran kasuwa ya hangi matuƙin tafe lafiya lau, da 'yarsa a kafaɗa tana dariya. Matuƙin ma ya kau da kai ya wuce. Tsoho ya bi su da ido har suka sha kwana.