Takun Wa Ka Auna?

Da hannuna na tumɓuke ciyawar. Ina fizga ina jifa, ƙasa na cika mini farce, ko a jikina.

Maginin da zan aura ya fito daga gidan da za mu zauna bayan aure, ya tsaya yana kallona kamar ya ga sabon kamu.

"Doguwata, lafiya?"

"Kar ka sake kirana da sunan nan. Takun wa ka auna?"

Tun ana haƙa harsashi ya yi mini alkawarin hanya daga ƙofa zuwa baranda, ta faffaɗan duwatsu da ciyawa a tsakaninsu, kowane dutse daidai inda ƙafata za ta sauka. Haka yake aikinsa: mai gidan ya taka yashi, shi kuma ya bi sawun yana ajiye dutse. Ni ba a kira ni ba. Yau na tarar an gama, duwatsun a matse, ina taka ɗaya ina tsallake ɗaya.

'Yar gwaggonsa, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ita ta kawo mini labarin har gida, da muryar tausayi. Wai wata mace ya kawo a mota, tana takawa yana durƙushe a bayanta yana yin alama.

Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Saboda shi Ummata ta daina sakar mini fuska, ta ce in na auri mai wasa da ƙasa, ƙafarta ba za ta taka gidana ba. Na nace sai shi, ga sakayyata. Na ce ya je ya auri mai gajeren takun.

Bai musa ba, wannan ya fi ƙona mini rai.

"An ce in yi shiru," ya ce. "Amma zo ki gani."

Ya kai ni gefen baranda, inda bai riga ya share yashi ba. Sawun takalmi ne ƙanana, na hagu yana jan ƙasa. Kusa da kowane sawu akwai ɗan rami.

Ramin sanda...

Na san wannan ƙafar, ta Ummata ce. Ni nake shafa mata magani tun da ɓarin jikinta ya shanye. Munafukar ba ta ce mini matar na dogara sanda ba.

"Kullum na je gaisuwa sai Umma ta kore ni," ya ce a hankali. "Rannan ta ce in ɗauko mota. Wai in dai hanyar gidan 'yarta ce, kar in yi wadda za ta kayar da ita."

Kuka ya ƙwace mini, kunya ta rufe ni. Na durƙusa ina tattara ciyawar, ina mayar da ita tsakanin duwatsu.

"Har yanzu fushi nake da kai."

"Na sani, Doguwata." Ya durƙusa kusa da ni. "Danna saiwar da kyau, kar sandar Umma ta faɗa rami."