'Yan Agwagin Jirgin Kalilu

"Kar ki taɓa su da hannu, Inno! Wallahi kar ki taɓa!"

Muryar Shamsu ce ta tarbi Ikilima tun daga zaure. Ta shigo tsakar gida da jakar makaranta a kafaɗa, sai ta yi turus.

Akwatin kayanta na buɗe a bakin ɗaki.

A kan tabarma kuwa ga 'yan agwaginta na roba an baje su cikin rana, ruwan ɗorawa, bakinsu jajir. Mahaifiyarta, Inno, na tsaye can nesa da su riƙe da muciya. Yayanta Malami ya harɗe hannuwa a ƙirji. Shamsu ɗan kawunta, mai shagon gyaran waya a kasuwar Isa, wanda ya daɗe yana neman aurenta tana kakkaucewa, shi ne ke ta kai da kawo kamar gidan nasa ne.

"Ikilima," in ji Inno, "wagga aba mi ta?"

"Agwagwar roba ce, Inno. Abin wasa ne..."

Inno ta miƙa muciya ta danna ɗaya.

Ƙiiit!

"La'ilaha illallahu!" Ta yar da muciyar ta ja da baya. "Tana da rai! Sammu matuƙin jirgin ruwan nan ya yi miki, ɗiyata! Tun da na ga kina murmushi ke kaɗai na san ba lafiya ba!"

"Da sammu ne ai da sauƙi," Shamsu ya katse ta. "Ni aikina ke nan, na san na'ura in na gani. Akwai abin da aka dasa ciki. Duk wanda ya ɗauka ya kai gida, mutanen daji sun san gidanshi ke nan. Matuƙin jirgin nan infoma ne!"

Ikilima ta juya ta dubi Shamsu.

A ƙasar nan, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, an san abin da ke samun mutumin da aka kira da wannan suna. Wani lokaci ko tambaya ba a tsayawa yi masa.

"Shamsu... wa ka gaya wa wannan magana?"

Ya kawar da kai.

"'Yan sa-kai sun tafi bakin gulbi tun ɗazu."

*

Abin ya faro ne farkon damina, lokacin da aka mayar da ita koyarwa a wata firamare can ƙetaren gulbi, wajen Tozai. Ruwa ya cinye hanya, babu zuwa sai ta jirgi. Ita kuwa tun tana yarinya ba ta shiri da duk ruwan da ya wuce gwiwa. Da an tayar da inji sai ta runtse ido, ta ƙanƙame katakon zama, ta yi ta salati har a isa.

Wata safiya yatsunta suka taɓo wani abu mai santsi a ƙarƙashin katakon.

Ta buɗe ido ɗaya.

'Yar agwagwa ce, ba ta fi tafin hannu ba, tana kallonta kamar ita ma mamakin ganinta take yi.

Ta ɗaga ta sama ta tambayi fasinjoji ko ta wani ce. Kowa ya girgiza kai. Matuƙin jirgin, wani dogo baƙi mai ƙarancin magana, ko waiwayowa bai yi ba.

Bayan kwana biyu ta sake tsintar wata cikin nannaɗen igiya, wannan da hular sojan ruwa a kanta. Daga baya wata mai tabarau, cikin gwangwanin kwalfar ruwa. Wasu fasinjojin ma suka fara tsinta.

Abin ya tsaya mata a rai. Wa ke ajiye su? Daga ina suke? Ko a kasuwar Shinkafi ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ta zargi wani malamin asibiti da ke yawan murmushi a jirgin. Ta zargi wata Bafulatana mai nono, har ta bi ƙwaryarta da ido na tsawon mako. Ta koma shiga jirgi da wuri, tana leƙen kowane lungu kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi.

Ranar da ta yi sammakon da ya fi na kullum, ta iske jirgi babu kowa, sai matuƙin a durƙushe yana cusa wani abu cikin rigar ruwa.

"Ashe kai ne!"

Ya zabura har ya buge kansa da katako.

"Malama... kin yi sammako."

"Sai ka gaya min daga ina suke, in ba haka ba yau ba za ni makaranta ba."

Ya yi 'yar dariya, ya zauna a gefen jirgin. Sunansa Kalilu, mutumin Gatawa ne ta ƙasar Sabon Birni. Fataucin albasa ya kai shi Kwatano, daga can ya samu aikin sharar ɗakuna a wani katafaren jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa.

"Gari guda ne a kan teku, Malama, hawa bisa hawa. To, fasinjojin suna da wata al'ada. Sai mutum ya zo da agwagin nan cike da jaka, ya bi yana ɓoyewa, bayan tukunyar fure, ƙarƙashin matakala, saman allon sanarwa. Wanda ya tsinta, in ya so ya riƙe, in ya so ya sake ɓoye wa wani."

"Don mi?"

"Don wani da ba su sani ba ya yi murmushi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Manya da hankalinsu?"

"Har da masu furfura! Na taɓa ganin wata tsohuwa tana rarrafe ƙarƙashin kujera da sandarta a hannu."

Ikilima ta yi dariya har da hawaye.

Waɗanda ba a tsinta ba har tafiya ta ƙare, in ji shi, masu shara ke kwashewa. Shi bai iya zubarwa ba, ya yi ta tarawa a buhu. Da aka kai hari garinsu aka kashe mahaifinsa, mahaifiyarsa ta yi gudun hijira zuwa Isa, sai ya bar teku ya dawo gida da buhunsa.

"Mutanenmu sun manta yadda ake tsintar abin alheri a hanya," ya ce a hankali. "Kullum abin tsoro ake tsinta."

Ta ce, "To ni mi ya sa kullum kusa da wurin zamana nake samu?"

Ya dube ta, karon farko ido cikin ido.

"Yaushe rabonki da rufe ido a tsakiyar gulbi?"

Ta buɗe baki... ta kasa tunawa.

Daga ranar ne zuciyarta ta daina zama tata ita kaɗai. Kafin gero ya fid da kai, Kalilu ya nemi izinin zuwa gaisuwa gidansu. Inno ta ce sam, mutumin da ya yi shekaru cikin Turawa a kan ruwa, wa ya san abin da ya ci, wa ya san ko yana sallah?

*

Ikilima ba ta san lokacin da ta suri agwagwa ɗaya daga tabarma ta fita da gudu ba. Malami na kiranta, ba ta waiwayo ba.

Ƙofar gidan mai unguwa, inda ta ji an kai Kalilu, ta cika maƙil.

Kalilu na zaune a ƙasa, an yaga masa riga, leɓensa na jini. Ga buhun agwaginsa a gefe, an zagaye shi da nisa kamar zai fashe. Shugaban 'yan sa-kai, Ɗanmusa, na tsaye a kansa da bindiga a kafaɗa.

"Na faɗa muku gaskiya," Kalilu ke cewa. "Ubana ma su suka kashe..."

"Duk infoma haka yake cewa!" wani ya yi ihu daga baya.

Ikilima ta kutsa cikin maza. Ta san gobe duk garin zai ɗauka, budurwa ta tsaya wa saurayi a bainar jama'a. Ta durƙusa gaban mai unguwa.

"Baba, a ba ni izini in yi magana."

"Ɗiyar wa ce wagga?"

"Ƙanwata ce," in ji Malami da ya iso yana haki, Shamsu na biye da shi. "Ikilima, tashi mu tafi!"

"Ba za ni ba, Yaya. An ce akwai na'ura a ciki. To, a gani mana!"

Ta zaro rezar fiƙe fensir daga jakarta. Sai da ta ɗora ta a wuyan agwagwar sannan ta lura ta farkon ce, wadda ta tsinta ƙarƙashin katako. Ta cije leɓe, ta tsaga ta biyu.

Babu komai ciki sai iska.

Wani ɗan farin abu kamar ƙwayar gyaɗa ya faɗo daga gindinta.

"Ga ta nan!" Shamsu ya yi tsalle. "Ba na faɗa muku ba? Ga na'urar!"

Jama'a suka ja da baya. Ɗanmusa ya sunkuya ya ɗauka, ya juya shi, ya ɗaga shi saitin rana. Sai ya kai bakinsa ya hura.

Fiiit!



Ya sake hurawa.

Fiiit!

Wani dattijo ne ya fara ƙyalƙyalewa, sai wuri ya ɗauka.

"Usur ne," in ji Ɗanmusa, shi ko murmushi bai yi ba. "Amma rayukan mutane na wuyana. Ɗaya ba ta wanke sauran ba. Sai an buɗe duka."

Kalilu ya dubi buhun. Shekarunsa na teku ne a ciki.

"Ku yanka," ya ce.

Aka zazzage su aka bi da wuƙa, mai hula, mai tabarau, mai kambi, har ƙasa ta rufe da ɓarin roba. Aka aika a karɓo na gidajen mutane. Nan ne wata tsohuwa 'yar gudun hijira, Iya Maimunat, ta zo da tata ƙulle a bakin zane ta ce ba mai taɓa ta.

"Tun ranar da aka tashe mu daga Gatawa jikata ba ta yi dariya ba sai ranar da ta tsinci wagga. Da ita take kwana. In za ku yanka, ku fara da ni! Kuma yaron nan na san ubanshi, a gabana aka harbe shi. Ku ji tsoron Allah!"



Mai unguwa ya juya ga Shamsu.

"Kai da ka ce ka san na'ura, ka buɗe ko ɗaya kafin ka kai ƙara?"

Shamsu ya sunkuyar da kai.

"Saura kaɗan ka sa a zubar da jini a banza. Durƙusa ka ba shi haƙuri, kuma ubanka ya same ni bayan la'asar."

Malami ne ya cire rigarsa ta sama ya yafa wa Kalilu, ya kama hannunsa ya tashe shi.

*

Washegari da safe ta same shi a bakin gulbi yana goge inji, leɓen ya kumbura.

"Sun ƙare, masoyiyata," ya ce. "Ba ni da sauran abin da za ni ɓoye miki."

Hawaye suka zubo mata.

"Ni na fara yankawa, Kalilu... ni na jawo."

"Ke kika cece ni, hasken idona. Ina zaune a ƙasa ina kalmar shahada, sai na ga takalmanki. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya fi su kyau ba, har a teku."

"Kai dai!" Ta yi dariya cikin kuka. "Inno ta ce ka zo."

Goge-gogen ya tsaya cak.

"Inno?"

Da hantsi ya isa, Malami ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Inno ta zauna bayan labule, don ba ta yarda ta haɗa ido da mai neman ɗiyarta ba. Ikilima ta laɓe bayan rumbu.

"Malami," in ji Inno, "tambaye shi, yana sallah a cikin jirgin?"

"Ina yi, Inno."

"Ba da kai nike ba, da Malami nike. Malami, tambaye shi, in jirgi na juyawa, ina yake samun alƙibla?"

Kalilu ya yi bayani. 

"Tambaye shi, gaskiya ne akwai tafki a saman jirgin? Ruwa bisa ruwa?"

"Gaskiya ne."

"Ikon Allah! To in mutum ya mutu fa, ina ake kai shi? A'a, tsaya... wa ke yi musu girki? Tukunya nawa? Ba ta kifewa in iska ta taso?"

Har aka kira azahar Inno na tambaya. Tun Malami na maimaitawa har ya gaji ya yi shiru, ita kuwa ba ta ma lura ba. Labulen da ke rufe ruf da farko ya ɗage har ana ganin gefen fuskarta.

Da Kalilu ya tashi tafiya masallaci, ta gyara murya.

"Malami, ka ce mishi ya turo manyanshi."

Ikilima ta toshe bakinta da mayafi.

"Kuma ka ce mishi ya dawo jibi. Bai gaya min inda suke shanya wanki ba."

An ɗaura aure bayan an kai gero gida. Iya Maimunat ce ta riƙe hannun amarya har ɗakinta, kuma Ɗanmusa da mutanensa suka raka motar.

Har yau ɗin nan, duk ranar da Kalilu ya ce bari ya leƙa ya gaida Inno ya dawo yanzu, Ikilima ta san zai daɗe, don tambayoyin Inno ba sa ƙarewa. Rufe tuwonsa kawai take yi ta mayar bakin murhu.