Ɗan Takarda a Gidan Lui

"Wing, ƙara kifi mana," in ji Sau Fong, tana tura masa kwano.

Mama ta ɗana mata tsinken cin shinkafa a bayan hannu. "Yayanki ne, Yaya za ki ce masa! So kike maƙwabta su ji?"

"Haba Mama! Wane irin yaya? Ko a mafarki ba mu haɗa jini ba!"

Da gaskiyarta kuwa. Lokacin da Amurka ta rufe wa 'yan China ƙofa, 'ya'yan wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa ake bari su shigo. Shi ya sa babanta, Tsoho Lui mai wanki da guga a San Francisco, ya ce wa hukuma yana da ɗa a ƙauye, alhali ko ɗan tsana bai ajiye ba. A wannan gurbi Wing maraya ya shigo, ya ajiye sunan ubansa Gee ya ɗauki na Lui. Shi kuwa so ina ruwansa da biza? Ya shige tsakaninsa da 'yar gida.

"Baba, kai ma ka yi shiru?" ta faɗa, hawaye sharɓe-sharɓe.

"Me zan ce? A takarda uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ranar da aka ɗaura aurenku, ranar za a loda mu a jirgin ruwa!"

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Manema suna zuwa tana korar su, shi ma duk yarinyar da aka nuna masa sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Kullum tare suke ninke rigunan mutane, tana ce masa Yaya kamar mai haɗiyar ƙaya. Kai, abin da takaici!

Kwatsam hukuma ta yi shelar cewa duk mai sunan aro ya zo ya faɗi gaskiya, ƙila a yi masa sassauci. Sau Fong ta tare Wing a bakin teburin guga.

"Ga dama ta samu! Ka je yau ɗin nan!"

"Ba zan je ba. In na buɗe baki, Baba za su fara tuhuma."

"To ni fa? Sai na yi furfura ina ce maka Yaya?"

"Mutumin da ya ara mini sunansa ba zan saka masa da kora ba, Sau Fong. Gara in mutu gwauro."

Ta yi jifa da rigar hannunta ta fashe da kuka. Ashe tsoho yana tsaye a bayan shanya, komai a kunnensa.

Da safe tsoho ya saka kwat ɗinsa ta zuwa biki. "Tashi mu je, yaro. Ni na yi ƙaryar, ni zan warware ta."

Wunin ranar Sau Fong riga biyu ta ƙona. Sai yamma lis suka dawo a gajiye. An karɓe wa Wing shaidar zama ɗan ƙasa, an bar masa izinin zama da sunan ubansa Gee, tsoho kuma ya sha tambaya an sake shi.

Da aka zauna cin abinci, bakin Sau Fong ya riga ya saba. "Yaya, ga kifi—"

Tsinke ya sauka a hannunta, ɗau!

"Wa kika taɓa gani ta auri yayanta?" in ji Mama, tana share ido. "Kira shi da sunansa!"

Mahaƙurci mawadaci. Wanda ya ƙi taka iyaye don ya kai ga abin da yake so, wata rana su da kansu za su miƙa masa.