Lantana da Baƙin Keke

A can baya, a wani ƙaramin gari, 'yata ta rasu ta bar mini jika mai suna Lantana. Yarinyar ta nace sai ta koyi ɗinki, na kama hannunta muka tafi wurin mai sayar da kekunan ɗinki.

Ya ce, "Iya, na hannu ko na ƙafa?"

Na ce ban sani ba.

"Mai surfani ko mai ɗinki zalla?"

Na ce ban sani ba. Kaina ya ɗaure.

Can na hango wani babban baƙin keke, irin na marigayiya 'yata sak. Na ce, "Wannan nake so!"

Lantana ta hau kujera. Ta miƙa ƙafa, ta ƙara miƙawa, ba ta taɓo mataki ba. Ta ce, "Ba komai, Kaka, zan jira in girma."

Mai kekuna ya ce, "Iya, wai ke za ki ɗinka ko ita?"

Na daɗe ina shafa baƙin keken. Sannan na ce, "Kawo wanda hannunta zai iya juyawa."

A ranar Lantana ta kalmashe mini bakin zane, a karkace. Haka na ɗaura shi na fita unguwa.